Kashi Biyu da Kashi Ɗaya Cikin Ordinatar Baba

Da Baba ya rasu, mu biyu ya bari, ni da yayana, don Inna ta riga shi da daɗewa. Dukiyar ba mai yawa ba ce: gidan da muka tashi a nan Dakoro, gona a hanyar Adjekoria, ƴan awaki, sai ordinatar guda, wato kwamfuta, irin wadda ake rufewa a sa a jaka, da ya saya ta hannu gab da zai ajiye aikin rigakafin dabbobi. Bai taɓa rubuta ko harafi ɗaya da ita ba. Kokowa yake kallo da karatun Alƙur'ani, kuma in ɗan kokowarsa ya sha ƙasa sai ya rufe ta da ƙarfi, ya yi mata fushi har washegari.

Malamin unguwarmu ne ya raba gadon. An auna gona da igiya, an ware awaki, gida ya tafi wajen yaya ni kuma aka ƙara mini ta wajen gona, duk lafiya lau. Da aka zo kan ordinatar, malam ya juya ta gaba da baya ya ce wannan sai dai a sayar a raba. Na ce a'a. Yaya ma ya ce a'a, kusan tare da ni, har muka kalli juna, don rabon da bakinmu ya zo ɗaya ni da shi tun muna yara.

Ba gaba muke yi ba, kada a ɗauka haka. Shi dai mutum ne da in ka ba shi magana goma zai mayar maka da rabin ɗaya. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, ga shi aikin koyarwa a lakwal ya ƙara wasa shi. In na zauna da yaya ni ke tambaya ni ke ba kaina amsa, har in gaji in tashi. Tun da aka yi mini aure, shi kuma aikin wani proje na rijiyoyi da burtali ya kai shi Bader Goula, sai mu yi watanni ba mu ga juna ba in ba a wajen Baba ba. Yanzu kuma babu Baba.

Ran nan yaya ya buɗe baki ya ce, "Malam, ana iya raba ta daga ciki."

Malam ya ce, "Ba tare da an yanka ta ba?"

"Ba sai an yanka ba."

Ya yi bayani gajere irin nasa. Ya ce cikin mashin ɗin fili ne, ana iya ja masa iyaka, kowa ya sa nasa sistem, wato tsarin da ke tafiyar da ita. Ni ina son irin wanda ke kowane biro, wato ofis, don da shi na iya buga tambayoyin jarrabawa. Shi kuma yana son wani na kyauta da ya koya a jami'a, wanda yake zana taswirar rijiyoyinsa da shi. Malam ya shafa gemu, sannan ya ce to, in dai haka ne, namiji kashi biyu mace kashi ɗaya, kuma sai ya gani da idonsa.

Da yaya ya gama aikin, malam ya dawo da shaidu biyu. A fuskar mashin aka nuna masa wani dogon zane mai launi biyu. Malam bai yarda da lambobin da ke ƙasa ba. Ya sa aka zaro masa tsinken tsintsiya, ya karya shi daidai tsawon nawa, ya aza shi sau biyu a kan na yaya, ya ga ya zauna cif. Sai ya hango wani ɗan siririn yanki a farkon zanen, ya sa farce a kai.

"Wanga ɗan guntun hwa, na wa ne?"

Yaya ya ce, "Nan ne take hwara shiga in an kunna ta. Shi ke tambaya wajen wa za a tahi."

"To, zaure ke nan," in ji malam. "Zaure ba a raba shi. Na ku biyu ne. Kada wanda ya taɓa shi ba da sanin ɗan'uwansa ba."

Aka shafa fatiha. Tun daga ranar ba mu da wani suna ga wannan wuri sai zaure.

Kwanaki kuwa yaya ya ce ba sai an bi lissafin gado ba: mako guda wajena, mako guda wajensa. Haka ya zama kowace ranar kasuwa yana zuwa gidana a kan motonsa, wato babur, ko ya kawo ko ya ɗauka. Ya gaisa da maigidana, ya zauna a tabarma ƙarƙashin dogon yaro, in kawo masa fura da tuwo, yara su hau masa jiki suna laluben aljihu. Ni in yi ta zuba, shi yana "to" da "haka ne". Kafin la'asar ya sa mashin a jaka ya kama hanya. Ban taɓa zama na auna abin ba. Ranar kasuwa dai ina ƙara gero a turmi, hannuna ya saba.

Abu biyu ne ke ci mini rai game da mashin ɗin. Na farko zauren nan. In na kunna ta sai baƙin allo ya fito da layi biyu, na yaya a sama nawa a ƙasa, ga wata lamba tana ƙirgawa da sauri. Sai na yi maza na danna kibiyar ƙasa. In yaro ya kira ni na waiga, shi ke nan, na faɗa wajen yaya, inda ba abin da zan tarar sai wurin sa modapas, kalmar sirrin da ban sani ba. Sai in kashe in sake, ina mita.

Na biyu agogo. Duk ranar da yaya ya dawo mini da ita, agogon wajena yana baya da awa guda. In gyara. In ta koma wajensa, nasa ya wuce gaba da awa guda, shi ma ya gyara, gyaran nasa kuma ya sake ɓata nawa. Na taɓa makara zuwa taron malamai saboda agogon nan, na shiga ana tashi. Na yi wa yaya tas a kan haka, ya saurare ni har na gama, ya ce agogon guda ɗaya ne a ciki, kowane sistem da yadda yake karanta shi. Daga nan ya ci gaba da shan furarsa.

Da tafiya ta yi tafiya sai kashina ya cika. Hotunan suna, takardun lakwal, waƙoƙin yara, har mashin ta fara nuna mini jan layi. Wata ranar kasuwa na tsokane shi na ce, "Yaya, kai kana kwance bisa hili kamar na sukuwa, ni ko wurin aje hoto guda babu. Wanga rabo dai an cuce ni." Wasa nake yi, da dariyata. Ya ɗan murmusa, ya ce, "Allah shi ba da haƙuri, Auta."

A makona na gaba na haɗa mashin da rezon wayata, wato intanet, don in aika takarda. Sai sistem ɗina ya ce yana son mizajur, wato ya sabunta kansa. Na danna masa to. Ya daɗe yana juye-juye, ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, har na gama wanke-wanke. Da ya natsu, na kashe na kunna, sai na ga babu baƙin allo, babu layi biyu, babu ƙirga. Kai tsaye ta shige wajena. Wallahi daɗi na ji. Na ce Allah ya raba ni da tsere. A zatona shi yaya yana da wata hanyarsa ta shiga, tunda shi ne masanin.

Ranar kasuwa ya zo. Ina bakin murhu ya kunna ta kamar yadda ya saba kafin ya sa a jaka. Na leƙo na gan shi ya ƙura mata ido, sai na ce da murnata, "Ka gani ko? Yanzu na huta. Kai tsaye take shiga wajena."

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "To, madalla."

Ya rufe ta a hankali ya ajiye a gefen tabarma. Ya ci tuwonsa, ya raba wa yara dabino. Da zai tafi na ce ya manta da mashin, ya ce a'a, wannan makon ba ya bukata, in ci gaba da aiki. Na ce to, har da godiya.

Ranar kasuwa ta zagayo bai zo ba. Furarsa ta kwana, da safe na ba yara. Wadda ta biyo ma bai zo ba. Na kira shi, rezon can sai an hau tudu, da ƙyar na same shi. Ya ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa, a gaida yara. Na ajiye wayar ina huci, na ce wa maigidana ai shi ke nan, mutum ya samu wuri ya manta da ƴan'uwa. Maigidana, wanda ba ya shiga tsakaninmu, ya ce, "Ke dai kin tabbata nashi wajen yana nan?"

Na ɗauko mashin na kunna, ina danna kibiyar ƙasa tun kafin haske ya fito. Ta shige wajena. Na kashe na sake, na danna duk maɓallin da yatsana ya faɗa wa. Wajena. Na cire batir na mayar, na bar ta ta huce a ɗaka, ko zafi ne. Wajena dai. Sai maganganuna suka dawo mini ɗaya bayan ɗaya: an cuce ni a rabo, yanzu na huta. Ga mutum ya kunna ya tarar babu shi. Me zai ɗauka in ba cewa na kai ta kasuwa an share shi don in samu wuri ba? Ni, bayan rabon da malam da shaidu suka gani, na ci gadon ɗan'uwana.

Na so in kira shi in rantse. Amma na san yaya. Zai ce ba komai, kuma wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. Rantsuwa ba za ta mayar da layinsa a zaure ba. Na ce sai dai in kai masa kayansa a hannu yadda suke.

Na fara da mai gyaran waya na bakin kasuwa, wanda kowa ke kai wa komai, daga rediyo har fitilar pano, mai aiki da hasken rana. Ya saurare ni rabi da rabi, yana danne-danne, sai ga dogon zanen nan da malam ya auna da tsinke ya fito. Kashina yana nan da sunansa. Na yaya kuwa babu suna babu bayani, wani ƙaton wuri kawai.

Ya ce, "Malama, ke da kika ce wuri ya cika? Ga hili nan kwance, ba komi ciki. Bari in yi mashi format in haɗe maki, ki sha iska."

Har ya kai kibiya kan wurin, wani ɗan akwati ya fito yana tambaya ko a share. Ban san lokacin da na rufe mashin a kan yatsunsa ba. Ya yi ƙara, mutanen rumfar suka waigo.

Na ce, "Gadon yayana ne!"

Ya dube ni yana yarfa hannu, ya tabbata na taɓu. Na ba shi haƙuri, na naɗe abata a mayafi na fito. Abin da na yi ta roƙo da bakina ke nan aka miƙo mini, kuma ban taɓa jin tsoron abu kamar yadda na ji tsoronsa ba.

Wata abokiyar aikina ce ta tura ni wajen madam ɗin da ke koyar da ordinatar a lise, babbar makarantar sakandare. Na same ta a gida da hantsi ranar da babu lakwal, tana tsince zogale. Na ba ta labari tun daga tsinken tsintsiya, ta yi dariya har ta ajiye tiren. Ta ce malaminmu ya fi wasu ɗalibanta ganewa, don zauren ne ya samu matsala. Sistem ɗina da ya sabunta kansa ya sake shirya zauren yadda zai ga kansa shi kaɗai. Kashin yaya kuma bai iya karanta shi ba, shi ya sa yake nuna shi kamar ba komai a ciki.

Na ce, "Madam, yana nan ko ba ya nan? Wannan kaɗai nike son ji."

Ta ce, "Bari mu gani, ban yi maki alkawari ba."

Ta kunna tana bubbuga wani maɓalli a sama, sai ga wani shuɗin allo da ban taɓa gani ba, inda mashin ke ajiye jerin abin da za ta fara nema in ta tashi. Nawa ne kaɗai a jerin. Ta ce da ma ta yi fatan an sauya musu wuri ne kawai, ashe an goge layin nasa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kile, ɗan abin nan da ake soka wa mashin a gefe. Ta ce a cikinta akwai sistem irin na yaya, wanda ke iya tashi daga waje ya leƙa ciki ba tare da ya taɓa komai ba.

Kilen ta ƙi tashi. Madam ta koma shuɗin allon ta canza wani abu, ta sake, sai ta tashi. Ta buɗe wani wuri ta juyo mini da fuskar mashin. Ga jakunkunan yaya a jere, rijiyoyi, burtali, taswira. Ban buɗe ko ɗaya ba, ba nawa ba ne. Na dai sa hannu na rufe bakina, hawaye suka zo mini.

Da rezon wayata ta sauko da abin gyaran zaure, ta sa shi aiki. Muka jira, ina taya ta tsince zogale don hannuna ya samu abin yi. Da ya gama ta zare kilen ta kunna. Allo ya yi baƙi, wasu ƴan kalmomi suka fito a sama, wani ɗan layi yana ƙyaftawa. Muka jira. Ba na yaya, ba nawa.

Na ce, "Madam, mi ke nan?"

Ta sake kunnawa. Haka dai. Na zo da rabin mashin mai rai, yanzu duk ta mutu, har da tambayoyin jarrabawar da zan kai wa darakta. Amma in faɗi gaskiya, jarrabawa ba ta zo mini a rai ba sai daga baya. Abin da nake gani kawai tabarmar ƙarƙashin dogon yaro, ba kowa a kai. Na fara yi wa madam magana mai zafi, ta ɗaga mini hannu ta ce in yi mata shiru tana tunani. Rabon da wani ya sa ni shiru haka tun ina ɗaliba.

Can ta dafe goshi. Ta ce mashin tana da hanyar tashi biyu, tsohuwa da sabuwa. Yaya da sabuwa ya raba ta. Ita kuwa da kilen ta ƙi, sai ta mayar da mashin tsohuwar hanya don ta tashi, aka yi gyaran a inda ba nan ne zauren ba. Ta koma shuɗin allo ta mayar da abin da ta canza, ta nemo layin da ke ta da kilen ta sabuwar hanya, muka sake komai daga farko. Batir ya fara kuka, ga wuta an ɗauke. Ƴarta ta ruga maƙwabta da mashin a rungume aka soka ta a pano, mu ma muka bi ta, muka ƙarasa aikin a tsakar gidan mutane, matar gidan tana daka tana kallonmu.

Ta zare kile. Ta ce ni in kunna. Na yi bisimilla na danna. Baƙin allo, layi biyu, na yaya a sama nawa a ƙasa, lambar nan tana ƙirgawa. Ban taɓa kibiya ba. Na bar ta ta ƙirga har ƙarshe, ta shige wajen yaya, ga wurin modapas, ga agogonsa a sama ya wuce gaba da awa guda. Na yi ta kallonsa ina dariya ina share ido.

Madam ta ce tunda mun zo nan, bari ta mayar da layina sama in huta da tsere. Na ce a'a, shi ne babba. Ta ce to agogon fa, layi guda za ta rubuta ya daidaita har abada, ba mai sake gyara. Agogon nan kam ya sha ba ni haushi. Sai na ce mata wannan ma na mu biyu ne, sai na tambayi yaya.

Ranar Asabar na naɗe mashin a zane biyu na shiga motar da ke zuwa Bader Goula, na ɗora ta a cinya, ga buhunan gero a bayana ga wani tsoho da akuyarsa a gefe. Na isa rana ta take. Yaya ya fita wajen wata rijiya, matarsa ta tarbe ni da murna da mamaki, don rabona da gidan tun sunan ɗansu na fari. Ta shigar da ni ɗakinsa in huta, ya fi sanyi.

A kan tebur na ga ordinatar. Ta zamani, siririya, ta fi ta Baba kyau nesa ba kusa ba.

Na ce, "Wagga hwa? Yaushe anka samu?"

Ta ce, "Ta proje ce. Ai ta daɗe, tun kahin in yaye yarinyar ga." Yarinyar kuwa ga ta nan tana gudu a tsakar gida, har ta iya tsiwa.

"To tamu, mi yake yi da ita?"

Ta yi dariya. "Taku? In ya zo da ita sai ya buɗe, ya taɓa wani abu nan lungu, ya ruhe ya sa ƙarƙashin gado. Sai ranar kasuwa ya hiddo ta ya goge mata jiki."

Na zauna a bakin gadon. Hanyar nan da na sha jijjiga a kanta yau, ita yake bi kowane mako a kan moto, da rana da ruwa, ɗauke da mashin da ba ya bukata.

Da ya dawo ya gan ni ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafafunsa duk laka. Ya ce, "Auta, lahiya?" Na ce lafiya. Na warware zanen na ajiye mashin a gabansa na ce ya kunna. Ya wanke hannu tukuna. Ya kunna. Layi biyu suka fito, ya bar ta ta ƙirga, ya sa modapas ɗinsa, komai nasa ya bayyana. Ya daɗe yana kallo.

Na ba shi labari duka, mizajur da mai gyaran kasuwa da yatsunsa da madam da pano. Na ce wallahi ban taɓa masa ko ƙwayar abu ba. Na ce, "Kai da ka san gyaranta, mi ya hana ka duba? Mi ya hana ka tambaye ni?"

Ya ce, "Na zaci wurin ne ya yi maki kaɗan. In na tambaya sai ki ji kunya. Na bar maki, har ga Allah."

"Ka bar mani, sai kuma ka bar zuwa?"

Ya sunkuyar da kai yana murza yatsu. Ya ce, "To in na zo gidan mijinki kowane mako, ba kawowa ba ɗauka, mi za ni ce na zo yi?"

Na ce ya ce ya zo shan fura. Na ce ya ce ya zo ganin ƙanwarsa, wa zai hana shi? Daga nan na ja mayafi na rufe fuska. Ina son yayana, kuma ban taɓa faɗa masa ba, shi ma bai taɓa faɗa mini ba, kuma ranar ma ba mu faɗa ba. Ya bar ni na gama. Ban ce masa na ga sabuwar mashin ba, shi ma bai waiga wajen tebur ba.

Da na natsu na ce, "Madam ta ce ana iya gyara agogon baki ɗaya, ba mai sake wahala. Na ce sai na tambaye ka."

Ya kai kibiya lungun da agogon yake, ya mayar da shi baya da awa guda. Ya ce, "Na san da gyaran. A bar shi."

Na kwana a can, na bar masa mashin don makonsa ne, har da bashin makonni. Tambayoyin jarrabawa da hannu na sake rubuta su, darakta ya yi ta mita, ko a jikina.

Ranar kasuwa na ƙara gero a turmi. Da hantsi na ji ƙarar motonsa a ƙofar gida, yara suka zuba da gudu. Ya gaisa da maigidana, ya zauna a tabarmarsa, na yi ta zuba yana "to" da "haka ne". Ya ciro mashin daga jaka ya ajiye, ya kama hanya da wuri don hadari ya taso ta gabas.

Bayan ya tafi na kunna ta. Na yi maza na danna kibiyar ƙasa, na shiga wajena. Agogo yana baya da awa guda. Na bar shi haka ina kallo, har aka kira la'asar a masallacin unguwa shi yana cewa da saura. Da na idar da salla na zo na gyara shi, don yaya ya samu abin gyarawa.